Waƙafi ɗaya ya hana ni tashi daga aiki

Oga ya turo min dogon rahoton ma'ajiyar sanyi, ya ce in tsamo masa duk lambobin da ke ciki kafin a tashi. Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka koma kujerarka an gama." Na buɗe Python, yaren ba wa kwamfuta umarni, na rubuta re.findall(r"\d+", rubutu), ma'ana duk inda aka ga lamba ko jerin lambobi a kwaso min, sannan na jingina ina kaɗa ƙafa.

An kuwa kwaso. Kayan da nauyinsu ya kai kilo 1,250.75 suka dawo gida uku: 1 daban, 250 daban, 75 daban. Sanyin ɗakin da aka rubuta -18 ya koma 18, wato a lissafina komai na ciki ya narke tun jiya.

Na ce ƙaramin abu ne, na ƙara -? a gaba domin a riƙa ɗauko alamar ragi. Sanyi ya gyaru. Sai kwanan wata ya tayar da ƙayar baya: 12-03-2024 ya fito 12, da -03, da -2024, shekarar da ko kakan kakan wani bai gan ta ba.

Na koma kan ɗigo, na rubuta \d+.\d+ da ƙarfin gwiwa. Ashe ɗigo a regex, wato wannan salon neman abu a cikin rubutu, ba ya zaɓe, kowane harafi nasa ne, sai an sa masa \ a gaba yake zama ɗigo na gaskiya. Girman akwati 40x60 ya shigo a matsayin lamba guda. Na gyara zuwa \d+(\.\d+)? na danna. Allo ya cika da '' da '' da '', wato fanko, sai wani .75 can shi kaɗai kamar maraya. Ita findall, da zarar ta ga baka a tsarin, abin da ke cikin bakar kawai take miƙo maka.

Maƙwabciyar teburina ta leƙo, ta ce, "Malam, sa ?: bayan buɗe bakar, sai ta miƙo maka lambar gaba ɗaya." Ta ɗauki jakarta ta tafi, ko waiwaye babu.

Da na lallaba waƙafin ma ya shiga, na tura wa oga ina huci. Ya amso, "Madalla. Ga na abokan hulɗarmu na Jamus, shi ma yi masa." Na buɗe. Layin farko: 1.250,75.