Ba jifa ba ne, farasitamol ne

To, yanzu da aka sallamo yaron nan na layinmu daga asibiti, ina masu rantsuwa cewa jifansa aka yi? Kwana uku ana hayaƙi ana tofi, idonsa ya koma ruwan ɗorawa, har an fara nuna kishiyar uwarsa da baki. Ashe hanta ce ta ji jiki.

Haƙori ke masa ciwo. Ya kama Panadol bibbiyu duk bayan awa biyu, ya ɗora Procold saboda mura, da daddare mai kemis ya ƙulle masa "haɗi" a leda. Suna uku, magani ɗaya: farasitamol. Farasitamol a kan farasitamol a kan farasitamol, kamar mai cin gyaɗa.

Babba mai lafiya iyakarsa giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 mai miligiram 500, kuma sai an bar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. In aka zarce, hanta ba ta iya kashe dafin da maganin ke bari, sai dafin ya hau cin ta. Mugun abin, ranar farko ɗan tashin zuciya ne kawai. Sai kwana biyu zuwa uku shawara ta fito, alhali makarinsa ya fi aiki cikin awa 8 na farko.

Na san wani zai ce shekara ashirin yana sha bai mutu ba. Sannu, gwani. Wani zai ce ajali ne. Ajali gaskiya ne, amma ba ka tsallaka titi ido rufe. A Ingila tun 1998 kantin da ba na magani ba ba ya sayar da kwalin farasitamol da ya wuce ƙwaya 16. Mu kuwa yaro ɗan shekara bakwai ake aika.

Wallahi ba dariya nake ba. Na ga uwar nan zaune a ƙasan baranda, ko kuka ta kasa. In kana da ciwon hanta nau'in B, ko kana kan maganin tarin fuka, don Allah tambayi likita kafin ka ƙara ko ƙwaya ɗaya.