Laftof ɗin da ba ta gudu sai an ɗaure ta da soket

Wai don Allah wa ya yanke hukuncin cewa laftof ba za ta nuna ƙarfinta ba sai tana jone da wuta? Kana zare caja sai ta zama wata kwamfutar daban. Bidiyon da kake haɗawa ya fara tsinkewa, babban fayil ya ƙi buɗewa da wuri, ka danna abu ka zauna kana kallon allo. Batir kuma a cike yake fal! Abin da aka ƙera don a ɗauka a yi yawo da shi ya koma akuyar ɗaure, iyakarta tsawon igiyarta.

Abin ba tsautsayi ba ne, da gangan aka tsara shi, kuma ya daɗe. Tun shekarar 2000 Intel, mai ƙera firosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta), ta fito da tsarin SpeedStep, inda firosesar Pentium III mai gudun megahaz 650 take sauka zuwa 500 idan tana kan batir. Yanzu abin ya ƙara zurfi. Kowace firosesa tana da iyakar wutar da aka yarje mata ta ja, na ɗan lokaci da na dogon lokaci, waɗanda a na Intel ake kira PL2 da PL1. Kamfanin da ya harhaɗa laftof ɗin shi ke saita su, kuma da yawansu suna datse lambobin da zarar caja ta fita. Gudun nan na gigahaz 4 da ɗoriya da aka rangaɗa a jikin kwali, sau da yawa na mai caja ne.

Na san hujjar da za a kawo, kuma ban ƙi ta gaba ɗaya ba. Batirin laftof ba ya wuce wat-awa 100, domin iyakar da ake shiga jirgin sama da ita ke nan ba tare da izini ba. Manyan laftof na wasanni suna zuwa da caja mai wat 230, wasu har 330. Ka ja wat 200 daga irin wannan batir, rabin awa ya ƙare, ga zafi, ga saurin lalacewa. To, wannan na ji. Amma ƙaramar laftof ta ofis fa, wadda firosesarta ba ta cin abin a zo a gani? Ita me ya sa ake shaƙe mata wuya?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne an ƙwace zaɓin daga hannuna. Na shiga saitin wuta, na ture shi zuwa ƙarshen ƙarfi, na kashe tsarin tattalin batir da ke kunna kansa idan caji ya sauka zuwa kashi 20 cikin ɗari. Ta ɗan motsa, shi ke nan. Ashe ainihin takunkumin yana can cikin BIOS, wato saitin can ciki da kwamfuta ke tashi da shi, inda kamfanin da ya ƙera tawa bai bar ko ƙofar shiga ba. Idan na zaɓi batirina ya ƙare cikin awa ɗaya don in kammala aikin da ake jira, ina ruwan wani? Ni na saya, ba aro aka ba ni ba.

Kada ma batirin ya fara tsufa. Akwai wata siginar gaggawa da ake kira BD PROCHOT, wadda wani sashe na kwamfutar, kamar batirin da ya raunana, ke aika wa firosesa cewa ta rage gudu. Idan ta maƙale, sai ka ga gudun firosesa ya daskare a gigahaz 0.8, wani lokaci 0.4, ba saƙo, ba gargaɗi. Mutum ya yi ta zargin bairos, ya goge komai ya sake ɗora Windows a banza.

Kuma kada a ce mini ba yadda za a yi. Tun 2020 da Apple ta fito da firosesarta M1, laftof ɗinta suna gudu kusan ɗaya ko da caja ko babu.

Ku rubuta lambobi biyu a jikin kwali, gudunta da caja da gudunta a kan batir. Sannan ku ba ni maɓalli ɗaya da zan danna ta saki jiki, in batirin zai mutu da wuri, matsalata ce.