Wai kakanninmu sun sha ruwan kogi ba su mutu ba

Wato har yanzu ana ta tura muryar bawan Allahn nan da ke yi wa bokitan tace ruwa dariya, wasu har da yi masa tafi. Sannu da aiki, likitan unguwa. Wai kakanninmu sun sha kogin Bahar Azrak na nan Sudan tun zamanin Mai Wurno, wanda ya kafa garin Maiurno, ba su mutu ba. To suna ina? Je ka zauna da kowace tsohuwa a Maiurno ko ƙauyukan Gadarif, ka tambaye ta 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ta binne kafin yaye. Gudawa ce ta kwashe da yawansu, aka ce haƙori ne.

Ruwa ya yi garau a ido ba shi ne ya zama lafiyayye ba. Da damina kogin nan yana gangarowa daga Habasha jajir da laka, iyayenmu mata su jefa alam ko su daka 'ya'yan zogale su zuba a randa, laka ta kwanta, ruwa ya washe. Dabara ce mai kyau, ban raina ta ba. Amma ƙwayar kwalara ba laka ba ce, ba lallai ta bi ta ta kwanta duka ba, kuma ido ba ya ganin ta. Garau daban, lafiya daban.

Kuma a wane lokaci ake wannan shaƙiyancin? Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 tashoshin ruwa da yawa suka tsaya, ba wuta ba gyara, jama'a suka koma hafir, wato tafkin tara ruwan sama inda shanu ke sha, da gangar masu karo, wato masu sayar da ruwa a keken jaki. A Agustan 2024 aka ayyana ɓarkewar kwalara, Kasala da Gadarif na cikin inda ta fi ɓarna. Wannan ba labarin wata ƙasa ba ne, mun yi jana'iza.

Abin da yake zagi kuwa bokiti biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, da matatar gasasshen yumɓu a tsakiya. Ka zuba a sama, ya riƙa ɗiga, ka tara a famfon ƙasa. Ba ya cin wuta, ba ya cin gawayi. Duk mai shakka ya ciro matatar bayan 'yan kwanaki ya shafa yatsa, ya ga yauƙin da ya manne mata, ruwan ƙasa-ƙasa, daga ruwan da ya rantse mai tsabta ne.

An ce yana da jinkiri. To zuba da dare, wa ya hana ka? An ce a tafasa kawai. Da wane gawayin, nawa ake sayar da buhu yanzu? Har da masu cewa an saka maganin hana haihuwa a ciki. Yumɓu ne fa, jama'a. Wannan ma ba zan tsaya a kansa ba.

Don Allah 'yan uwana mata, da ku nake, ku ne kuke kwana zaune da yaro yana amai. Matatar ba ta kama komai da komai, idan ana annoba a ƙara da ƙwayar kulorin a jira rabin awa. Idan ta tsage ta tashi aiki. Wadda ba ta samu ba, ko tsohon zane mai tsabta ta ninka huɗu ta tace. A ƙauyukan Bangaladash an gwada hakan, kwalara ta ragu da kusan rabi. Garau kaɗai dai kada ya ruɗe ku.

Af, ku kuma masu karo, me ya faru? Ganga ɗaya ce, jakin ma shi ne na jiya, amma kowace safiya da sabon farashi. Kun ce dala ce ta tashi. Jakin dala yake ci ne?