Mota ba direba, to wa ke jona mata caji?

Wallahi na gaji da bidiyon nan da ake ta yawo da shi, hannun mutum-mutumi ya buɗe murfin tankin mota, ya zura bakin famfo, ya cika ya rufe, sai a ɗora kiɗa a rubuta wai an sallami ɗan Adam. An sallami wa? Tun 2015 Tesla, mai ƙera motocin lantarki, ta nuna wata waya mai lanƙwasa kamar maciji tana laluben ramin caji da kanta, aka yi ta tafi, yau sama da shekara 10 kenan da hannu dai ake jonawa. Shi kuwa shugabanta Elon Musk a 2019 cewa ya yi zuwa 2020 tasi marasa direba miliyan ɗaya za su cika titi. Muna nan muna jira.

Ban ce abin ba ya aiki ba fa. Motocin Waymo, wani kamfanin tasi marasa direba a Amurka, suna ɗaukar fasinja a Phoenix da San Francisco da Los Angeles, kujerar direba wayam, sitiyari na juyawa shi kaɗai. Amma ka bi motar zuwa garejinsu in batir ya yi ƙasa, mutane za ka tarar, wannan na jona caji, wancan na goge kyamarori da tsumma, wani na kwashe sharar da fasinja ya bari a kujerar baya, kuma in ta rikice a hanya akwai wasu zaune gaban kwamfuta da take neman shawararsu. Ba a cire mutum ba, ɓoye shi aka yi inda mai ɗaukar talla ba zai hasko shi ba, kuma wannan rufa-rufar ce ke ƙona min rai.

Masu cewa ai direbobi sun fi yin haɗari, mun ji. Direba in ya take mutum an san wuyan rigar da za a riƙe. A Oktoban 2023 wata mota ta bige wata mata a San Francisco ta wurga ta gaban tasi marar direba ta kamfanin Cruise, tasin kuma ta hau ta, ta ja ta kusan mita 6 wai tana neman gefen titi ta faka. Kalifoniya ta dakatar da lasisinsu, ƙarshen 2024 General Motors (GM), mai kamfanin Cruise, ta janye kuɗinta daga harkar. To yanzu ka haɗa irin wannan ƙwaƙwalwa da fetur. Bakin famfo bai zauna daidai ba, mai na tsiyaya a ƙasa ƙarfe biyun dare, ba kowa a motar ba kowa a gidan man, wa zai ji warin, wa zai ɗauko gwangwanin kashe gobara? In ta tashi kuma mai gidan mai zai nuna mai mota, mai mota ya nuna wanda ya rubuta manhaja, a yi ta 'yar nunin yatsa.

Abin dariyar ma, motocin Waymo ɗin nan na lantarki ne, to mutum-mutumin zuba fetur wa zai yi wa aiki? Gara Nio ta China, mai ƙera motocin lantarki, da ke sauya batir ɗungurungum cikin 'yan mintuna.

A tilasta wa kamfanonin nan su faɗi mutum nawa ke bayan kowace mota, kuma duk ɓarnar da ta auku a kansu take, tun kafin a ba su izinin kusantar famfo.