Dillalin da ya yi ta sayen dillalai

A garinmu, can gefen Gezawa, dillalin fili ba shi da ofis. Benci ne a gindin darbejiya, sai waya da igiyar awo. Wanda ya fi kowa sanin iyakokin gonakinmu ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, kuma duk abin da ya sani ya bi shi kushewa. Har yau ana zaman sulhu a ƙofar dagaci kan wani fuloti, don shi kaɗai ya san wanda ya fara biya.

Shi ya sa labarin kamfanin CBRE na Amurka ya tsaya mini a rai. Asalinsa ƙaramin gidan dillancin gidaje da filaye ne da aka buɗe a San Faransisko a 1906, bayan girgizar ƙasa ta rushe birnin. A 1998 ya sayi harkokin ƙetare na Richard Ellis, tsohon gidan dillancin Landan; reshen Ingila kuwa bai shigo hannunsa ba sai 2003, da ya haɗiye kamfanin Insignia mai riƙe da reshen. A 2006 ya zube kusan dala biliyan 2.2 ya ɗauke Trammell Crow, kamfanin dillanci da gine-gine na birnin Dalas, a 2015 kuma ya sayi sashen kamfanin Johnson Controls mai kula da gine-ginen kamfanoni.

To me yake saya da wannan maƙudan kuɗi? Ba bulo da siminti ba ne. Suna yake saya, da ma'aikatan da suka san lungunan garinsu, da rubutaccen tarihin ciniki: wa ya kama haya, nawa, yaushe wa'adinsa zai cika. Abin da ke rubuce shi ake iya yi wa farashi. Namu dillalin, ko shekara 40 ya yi yana awon igiya, ba shi da abin da zai sayar ko ya bar wa ɗansa, don jarinsa duka a ka yake.

Ban ce girman ba shi da illa ba. Dillali ɗaya da ke tsaya wa mai gida da ɗan haya lokaci guda, la'ada ta ko'ina, abin sa ido ne, a Dalas ko a Gezawa.

Amma dillalai uku a gari su haɗa littafi ɗaya, mai kwanan wata da sa hannun shaidu da na mai unguwa, wannan bai buƙatar dala. Na kai wa biyu daga cikinsu shawarar ranar kasuwa. Ɗaya ya yi dariya ya ce, "Malam, in na rubuta masu sayena, ai gobe wancan zai kwashe mini su."