Ni da jakin Lamu

Tsibirin Lamu da ke gaɓar tekun Kenya ba wurin mota ba ne. Jirgin sama ma a tsibirin Manda yake sauke mutum, sai a tsallaka da kwalekwale. Tsohon garin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, lungunansa sun fi na cikin birnin Kano matsi, shi ya sa jaki ne sarkin hanya. Har asibiti gare su, tun 1987.

Da safe na zaga tsohuwar kagarar da Turawa suka mayar kurkuku, na leƙa masallacin Riyadha na Habib Swaleh, inda ake cika maƙil lokacin Maulidi. Saura bakin tekun Shela. Wani yaro ya ba ni hayar jakinsa, ya ce zai ja mini. Na ce haba, mu da muka tashi cikin jakuna? Kawo igiya.

Ina hawa, jakin ya juya wa teku baya. Na ja dama, ya yi hagu. Na daka masa tsawa irin ta gida, ko kunne bai kaɗa ba. Ya kutsa wani lungu da gwiwoyina ke gogar bango ta kowane gefe, kuma bangon nan na dutsen murjani ne, kaushi gare shi. Ƙofofin katakon nan masu sassaƙa da mutane ke biyan kuɗin jirgi su zo gani, ni a guje na gan su, ɗaya ma ta riƙe hannun babbar rigata, har yau yana can. Wasu dattawa na shan gahawa a dakali, na yi musu sallama don kada girma ya faɗi. Sai da na yi nisa na ji amsar, haɗe da dariya.

Bai tsaya ba sai a wani kangon gini, ya gyara tsayuwa yana jira a sauke. Ashe nan yake kai yashi kullum. Magina suka ajiye cebur suna kallon kayan yau.

Shela dai a kwalekwale na je. Ashe labari ya riga ni zuwa bakin ruwa. Ina zama, matuƙin ya dube ni, fuska ba wasa, ya ce, "Malam, in ja ko shi ma ka iya?"