Ranar da karsana ta yi min gyatsa a fuska

Ni da bakina na ce wa Yaya ya yi tafiyarsa zan kula masa da shanu kwana biyu, wai meye abin wahala a kiwo. Sau uku yana maimaita min: ka fara cika musu ciki da busasshiyar ciyawa, kuma kar ka sake su filin nan sai raɓa ta bushe. Filin ciyawa ce haɗe da alfalfa, wani ganyen dangin wake da ake shuka wa dabbobi, alfalfar ma ta fi rabi, ta yi kore shar. A raina na ce kai Yaya da rowa, ga ɗanyen ganye ka ce dabba ta ci busasshe.

Gari na wayewa na buɗe musu da yunwarsu, suka faɗa kai ba ji ba gani, ni kuma ina gefe ina jin kaina gwani.

Ba a yi awa biyu ba wata karsana ta daina ci, ta tale ƙafafu tana nishi harshe waje, kwiɓinta na hagu ya taso kamar an hura balan-balan. Wallahi da farko murna na yi wai ta ƙoshi. Sai da na ɗan buga wurin na ji dum kamar ganga, cikina ya ɗuri ruwa.

Na kira likitan dabbobi jiki na ɓari, ya ce Malam kumburin ciki ne, ɗanyen ganyen dangin wake kumfa yake yi a tumbi, iska ta maƙale a cikin kumfar gyatsa ta ƙi fita, tumbin ya danne huhu, in ka tsaya wasa cikin awa ɗaya sai ta mutu. Ya ce in kore sauran daga filin, in tsayar da ita gabanta a kan tudu, in ɗura mata man girki kamar rabin lita a hankali kar ya bi ta huhu, in gitta mata sanda a baki ta yi ta tauna yawu ya zubo.

Ɗura wa saniya mai a waya sauƙi gare shi. Ta fizge, na riƙe, ta taka min ƙafa, rabin man a rigata ya ƙare, na sake cika kwalba. Can ina leƙa bakinta in ga ko ta haɗiye, ta sako wata gyatsa tun daga ƙasan tumbi, ɗumi da warin ruɓaɓɓen ganye suka dake ni a hanci, sai ga ni zaune daɓas a cikin kashin shanu.

A haka likita ya iso da tiyo da abin huda ciki a hannu. Ya kalli karsana tana kaɗa jela, ya kalle ni ina sheƙi da mai, ya ce to Malam, wanne ne marar lafiyar a cikinku?